Tunau Mai Tubali da Goruna Dubu Biyar da Arba'in da Ɗaya

A can wani zamani da babu wanda ya riƙe shekararsa, a ƙauyen Gangaren Marke, an yi wani mai yin tubali ana ce masa Tunau. Mutum ne marar yawan magana, ƙirgarsa ba ta wuce ta yatsu da tsakuwa ba. Shekara goma sha tara suna tare da matarsa Tasalla. Wata ranar Laraba ta kwanta bayan azahar don ta ɗan huta, ba ta tashi ba. Ba mutuwa ta yi ba. Numfashi na fita, jiki da ɗumi, amma ko ganga aka buga mata a kunne ba ta motsi. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka jiƙa saiwa, shiru. Kwana arba'in tana haka, ƙanwarsa Asabe na juya ta, tana ɗiga mata kunu a baki.

Washegarin kwana na arba'in, da hantsi, Tunau ya sauka kududdufi haƙar ƙasa, don ciki bai san ana jinya ba. Ya kai diga sau uku, a na huɗu ƙasa ta dare. Sai ga matakala ta farin dutse tana gangarawa, daga can ƙasa haske na tasowa irin na la'asar sakaliya. Da wani ne da ya ruga. Shi bismilla ya yi, ya saɓa digarsa, ya sauka.

Ya yi ta sauka har ya manta yana da gwiwa. Ya fito wani fili da ido bai kai ƙarshensa. Sama launin zuma, ba rana ba gajimare. Itatuwan wurin in ganyensu ya bushe sama yake faɗawa. A tsakiyar filin ga tulin goruna ƙanana, kowanne bai fi ƙwan zabo ba, kowanne na kumbura yana saɓewa a hankali kamar ƙirjin mai barci. A gefensu wani dogon aljani na zaune, ya naɗe gemunsa a ƙugu sau uku.

Aljanin ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wa ya buɗe maka ƙofar da ba a buɗe wa masu inuwa?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, diga ce."

"Ni ne Sarkin Rabo. Tunda ka zo, ka ji. Waɗannan kurwar mutanenku ce. Duk wanda ya yi nisa cikin mafarki har hanyar gida ta ɓace masa, mu muke tsintarsa mu sa a gora. Muddin goran bai fashe ba, mai shi ba ya mutuwa, ba ya tsufa. Gidajenmu saba'in ne. Shekara-shekara muke rabo, kowane gida ya ɗauki kashinsa daidai da na ɗan'uwansa ya mayar wa masu shi. Abin da ya saura bayan rabo kuwa na Rijiyar Mantuwa ne. Wanda ya faɗa can, ba ya farkawa."

"Bana nawa ne?"

"Dubu biyar da arba'in da ɗaya. Kowane gida saba'in da biyu, saura ɗaya. Wanda ya zo ƙarshe shi ne saura."

Ya nuna wani gora da aka ware gefe. Tunau ya durƙusa ya kara kunne. Can ciki, nesa-nesa, ya ji muryar Tasalla tana 'yar waƙar da take yi in tana niƙa.

Ya ce, "A ƙara wa gida ɗaya mana. Gora guda me zai rage shi?"

"Gidan da ya fi ɗan'uwansa da ɗaya, yaƙin shekara dubu ke nan."

"To a ba ni abata in tafi."

"Saura ba shi da mai shi sai Rijiya. Mun haɗe gidaje sun zama talatin da biyar, saura ɗaya. Mun mai da su goma sha huɗu, saura ɗaya. Goma, saura ɗaya. Ba mugunta muke yi ba, ɗan Adam, adadin ne ya ƙi." Ya shafa gemu. "Amma kowane adadi yana da danginsa. Je ka nemo dangin wannan. Ka ga tulun can da ke ɗiga? In ka kawo rabon da ba saura kafin ya tsiyaye, an ba ka. In ya riga ka, ka yi haƙuri."

Ya miƙa masa burgami cike da ƙwayar dawa, kowace ƙwaya a madadin gora ɗaya. Tunau ya rataya, ya kama hanya. Abin mamaki, duk nisan da ya yi yana jin ɗigar tulun a kunnensa, ɗis, ɗis, kamar a bayansa yake.

Ya ratsa kogin rairayi inda kifaye ke iyo cikin yashi suna ɗago kai suna kallonsa. Ya wuce dajin da tsuntsayensa ke tashi da baya. Sai ga ganuwa mai ƙofa biyu, masu gadi biyu, kowanne da mashi biyu. Suka yi magana tare, murya ɗaya, "Nan Birnin Cika ne. Ba a shiga sai da abokin tafiya."

Tunau ya waiwaya, ba kowa. Sai ya ga inuwarsa shimfiɗe a ƙasa, doguwa. Ya ce, "Ga mu nan, ni da wannan."

Masu gadi suka dubi juna. Su ba su da inuwa, ba su taɓa ganin irinta ba. Suka gaishe ta da ladabi, suka buɗe.

A Birnin Cika komai biyu-biyu ne. Rijiya biyu a kowace ƙofa, ɗan akuya ba ya kuka sai da ɗan'uwansa, ko tuntuɓe mutum ya yi sai ya koma ya sake. Sarauniyoyinsu tagwaye ne a gado ɗaya. Suka zazzage burgamin a faifai biyu, suna ɗauka ɗaya nan ɗaya can, hannuwansu na tafiya kamar ruwa. Da suka gama, ƙwaya ɗaya ta rage a tsakiya. Duk fada aka kau da kai, kamar an ga tsiraici.

Suka ce, "Ya baƙo, kwashe kayanka. Adadinka Mara ne, ba ɗanmu ba ne. Namu duk girmansa yakan tsaga biyu ba mai kuka. Bi yamma, wurin mutanen Mara."

Hanyar yamma ta ƙare a bakin wani kwazazzabo da ba a ganin ƙasansa, hayaƙi mai ƙamshin ruwan farko na tasowa daga ciki. Gadar wurin zare ɗaya ce, irin na kaɗi. Wata murya ta ce daga ƙetare, "Da ƙafa ɗaya ake hawa. Wanda ya sauke ta biyu, zaren ya tsinke." Tunau mutum ne mai jiki, ya kuwa haura arba'in. Ya ajiye digar, ya naɗe ƙafar hagu, ya shiga ɗingishi kan zaren, yana salati, gumi na zuba. Sau biyu ƙafar ta nemi sauka, sau biyu ya cije.

Mutanen Mara kowa ido ɗaya, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, ga fara'a. Babbansu ya leƙa burgamin ya yi dariya. "Namu ne, wannan ba gardama! Sai dai Mara gidaje ne da yawa, bari mu ga na wane ɗaki ne." Suka kasa uku, ɗaya ta rage. Suka kasa biyar, ɗaya ta rage. Bakwai haka, tara haka. Kullum ƙwayar nan guda tana zaune gefe ita kaɗai, Tunau kuwa ya kasa ɗauke ido daga kanta. Dariyar babban ta ɗauke.

Ya ce, "Ɗan Adam, ban so in faɗa maka ba. Adadin da ya ƙi uku, ya ƙi biyar, ya ƙi bakwai, ina tsoron ɗan Dutsen Gagarau ne. In kuwa nasu ne, babu mahaluƙin da zai raba shi. Amma ka biya ta wurin Masu Dala tukuna, ko Allah zai sa."

Masu Dala ƙananan aljanu ne kamar gara, ba su da aiki sai tari. Komai suka samu sai su jera shi: ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinsa, sannan uku, sannan huɗu, har ƙasa. Kafin Tunau ya zauna sun kwashe dawar sun fara. Dala ta tashi tana sheƙi, hawa tamanin, hawa casa'in, casa'in da tara. A layi na ɗari dawa ta ƙare, ya rage gurbi tara.

Shugabansu ya hau kafaɗar Tunau ya yi masa raɗa. "Tara kaɗai ta hana. Da dubu biyar da hamsin ne, da namu ne, dala mai hawa ɗari cif. Kuma da gidaje sun haɗe goma, kowa ɗari biyar da biyar, ba saura. Ka yarda kawai. Yanzu mu hau ƙauyenku mu shafa idon mutum tara, su kwanta, adadi ya cika."

Maganar gaskiya, sai da Tunau ya lissafa mutum uku a ransa waɗanda ba zai yi kewarsu ba. Sannan ya tuna yadda Asabe ke juya Tasalla tana share hawaye da gefen zane. Ya ce, "In sa gida tara su sha abin da na sha? Ku mayar min da dawata."

"Wawa!" in ji shugaban.

"Na ji. Ku mayar."

Dutsen Gagarau baƙi ne, santsi gare shi kamar an shafe shi da makuba. Jikinsa duk koguna ne, kowane kogo da mai shi zaune shi kaɗai. A ƙasa kogunan kusa-kusa suke, amma in ka ɗaga kai sai ka ga suna ta nisa da juna har su ɓace cikin sama. A kogon farko wata tsohuwa ce ke kaɗi ba auduga.

Ta ce, "Ni ce Biyu. Ni kaɗai ce 'yar Cika a dutsen nan, sauran duk 'yan Mara ne. Mu ba ma rabuwa. Ko a ɗauke mu ɗungum, ko a warware mu ɗaya-ɗaya. Kawo in ji."

Ta shinshina burgamin ta daɗe, ido rufe. Tunau ya ji zuciyarsa na bugawa tare da ɗigar tulu.

"Ba namu ba ne," in ji ta. "Yana da ƙamshinmu, amma ɗa ne. Ɗayanmu ne ya haife shi, shi ne uban, shi ne uwar. Yana rabuwa, sai dai ta hanya ɗaya tak."

"Iya, don Allah, wanne ne a cikinku?"

"Ba ma kiran sunan juna. Hau ka tambaya."

Ya hau. Uku ya girgiza kai. Biyar ya juya masa baya. Bakwai bai ko buɗe ido ba. Sha Ɗaya ya kasa dawar ya ce saura uku, Sha Uku ya ce saura goma. Kowane kogo ya fi na baya nisa, faratansa suka kakkarye, gwiwoyinsa suka saɓule. Da ya isa kogo na goma sha biyu, wurin Talatin da Bakwai, shi ma ya ce ba shi ba ne, sai Tunau ya lura ɗigar ta canza. Da ɗis, ɗis take. Yanzu sai ta yi ɗis, a jima, a jima, sannan ɗis. Ya ɗaga kai, koguna ba iyaka. Ya ce a ransa, in dai za a jefa Tasalla a Rijiya, gara ina wurin. Ya rufe ido ya saki dutsen. Iska ta tare shi kamar tafin hannu, ta sauke shi a filin goruna.

Gidaje saba'in sun hallara, kowane gida da manzonsa, wasu da fukafukai, wasu da ƙafar barewa, wasu hayaƙi ne kawai da idanu. An buɗe bakin Rijiyar Mantuwa, ba ta da ruwa, ba ta da amo.

Sarkin Rabo ya ce, "Ka samo?"

"Ban samo ba, ranka ya daɗe. An ce yana rabuwa, ba a faɗa min ta ina ba. Alfarma ɗaya nake roƙo, a bar ni in riƙe ta kafin tulu ya ƙare."

Aka miƙa masa. Ya zauna a ƙasa da goran a hannu, ɗumi gare shi. Ya ji tsoron kada ya suɓuce, sai ya ajiye shi a gabansa. Ya ga goran ya yi kaɗaici a wannan ƙaton fili. Bai san sanda ya jawo uku daga tuli ba, ya sa ɗaya a daman goran, ɗaya a gabansa, ɗaya a kusurwa.

To, haka ubansa ya koya masa shanyar tubali tun yana ƙarami. Sauran masu tubali layi suke ja mai tsawo. Su a gidansu daga kusurwa ake farawa da guda ɗaya, a riƙa zagaya gefe biyu, don shanya ta tafi tsawo da faɗi daidai, kowane tubali ya sami rana. Hannun da ya shekara talatin yana abu ba ya jiran izinin kai. Ya ƙara biyar, suka zama layi uku na uku-uku. Ya ƙara bakwai, layi huɗu na huɗu-huɗu. Ya ƙara tara.

Sai ya tsaya cak. Ya dubi abin da ke gabansa. Faɗin ne ya haifi tsawon, tsawon ya haifi faɗin, kuma duk abu ɗaya ne.

Ya miƙe zumbur ya daka tsawa, ya manta da wa yake magana. "Kai, mai fukafuki, miƙo! Ku ja layi ku riƙa jefo min, kada wanda ya fasa!"

Aljanun da ko sarakuna ba su aike su ba suka ja layi kamar leburori, suna jefo goruna yadda ake jefa wa magini tubali, yana cafewa yana dasawa. Shanya ta yi ta faɗi. Layi ashirin, layi arba'in. Goruna na numfashi tare, filin duka na tashi yana sauka kamar tafki. Layi sittin. Tuli ya zama ɗan tsibi. Da aka kai saba'in na saba'in, ya dubi abin da ya rage, bai iya ƙirga shi ba, bai kuma tsaya ba. Ya bi gefen dama ya cike, ya bi gefen gaba ya cike. Gurbi ɗaya ya rage a kusurwa. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, aka sa masa gora. Ya dasa. Ya sake miƙa hannu, ba a sa masa kome ba.

Tulu ya yi ɗis, ya yi shiru.

Sarkin Rabo ya taka gefen shanyar yana ƙirgawa, ya dawo ta ɗaya gefen. Ya ce, "Saba'in da ɗaya, sau saba'in da ɗaya. Ba saura. Tun da aka kafa filin nan ba a taɓa yi mana irin wannan ba. Amma ɗan Adam, kashi saba'in da ɗaya ka yi, mu kuwa gida saba'in ne. Wa zai ɗauki na ƙarshe?"

"Ni."

"Ba ka da fiffike. Masu gorunan nan suna warwatse a duniya."

"Ina da ƙafa. A ba ni layin da take ciki."

Aka kawo igiyoyi, kowane manzo ya zura layinsa. Aka zura na Tunau, daga kusurwa aka fara. Sai da aka rataya masa a wuya ya gane abin da ya yi wa kansa. Goran Tasalla shi ya fara ajiyewa, shi aka fara zurawa, shi ne can ƙasan igiya, saba'in na kansa.

Ya ce, "A juya min igiyar mana."

"Ba a juyawa. Daga sama ake cirewa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a hancin mai shi. Ka tsallake ɗaya, duka su fashe. Kai ka shimfiɗa, ba mu ba."

Tunau ya dubi igiyar. Gaskiya ce, shi ya shimfiɗa.

Manzanni suka tashi fir, kafin ƙiftawar ido sun sauke nasu. Shi kuwa ya hau matakala da ƙafa. Goran da ke sama shi ke jan sa, kamar akuya mai son gida. Ya kai na wani masunci a bakin babban kogi. Ya kai na wata amarya a ƙasar da ake gina ɗaki da gishiri. Ya kai na wani maƙeri da 'ya'yansa suka riga suka raba kayan aikinsa, ya farka ya bi su da sanda. Wani wurin a ba shi tuwo, wani wurin a sakar masa karnuka. A shekara ta biyar hanya ta bi da shi ta bayan Gangaren Marke, har ya hango hayaƙin gidansa. Saura talatin da takwas a wuyansa. Ya tsaya ya kalla iya kallo, goran sama na fizgarsa gabas, ya bi.

Shekara goma sha ɗaya ya yi. Ran da ya shigo ƙauye da gora ɗaya a igiya, ba wanda ya gane shi. Asabe ce ta fito daga ɗaki da ƙwaryar kunu, ta gan shi, ƙwaryar ta faɗi. "Yaya?" Bai tsaya ba, ya shige.

Tasalla na kwance yadda ya bar ta, ko furfura ɗaya ba ta ƙara ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya cire toshiyar goran a hancinta. Ta yi atishawa. Ta buɗe ido, ta yi miƙa, ta gan shi, ta yi maza ta ja mayafi.

"Sannu, Baba. Maigidan ya fita kududdufi, sai dai ka jira shi a zaure."

Tunau ya zauna daɓas a ƙasa. Ta dube shi, farin gemu, baya ya ranƙwafa, ƙafafu duk faso. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sauko daga gadon a hankali.

"Maigida? Kai ne? Wa ya yi maka haka?"

"Hanya."

"Wace hanya? Yanzu fa na kwanta."

"Haka ne."

Ta kama hannunsa ta juya shi, ta sake juyawa. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce, "Ka ci abinci?"

Ya ce, "A'a."

Ta ɗaura zane ta fita tsakar gida. Yana zaune ya ji tana karya kara, tana hura wuta, tana yi wa Asabe faɗa wai an canza mata wurin ajiye tukunya.

Iyakar abin da ya zo kunnenmu ke nan. Wanda ya ce ƙarya ce, ga tsakuwa nan ba ta ƙare ba, ya jera ya gani.